Zuwa Harabar Jami'a da Samun Gurbin Karatu: Ina Alaƙarsu?

Duk shekara, daga ranar da hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawa har zuwa lokacin da jami'o'i za su fara fitar da sunaye, tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisun Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa: wa ka sani a can? Uba zai saka babbar riga, ya tasa ɗansa a gaba, su kama hanyar Kano ko Dutse, su yini suna zaga ofisoshi da 'yar takarda a aljihu daga wajen wani babba. A zuciyarsa, in dai an ga fuskar yaron, an kuma ji sunan wanda ya turo su, to adimishan ya samu. Wasu su dawo da murna, da yawa su dawo da "za a duba", kuɗin mota kuwa ya riga ya tafi.

Shin taka ƙafa a harabar jami'a kafin a ɗauki ɗalibi yana ƙara masa damar samun gurbi? Akwai ƙasar da ta mayar da irin wannan ziyara cikakken tsari, da kasafin kuɗinsa da ma'aikatansa, wato Amurka. Abin da aka gani a can zai taimaka mana mu gane namu.

A Amurka, manyan kwalejoji masu tsada da wuyar shiga sukan gayyato ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare su zo su yi kwana biyu ko uku a makarantar. Kwalejin ce ke biyan kuɗin jirgi, ta ciyar da baƙo, ta haɗa shi da wani ɗalibi ya sauke shi a ɗakinsa. Yaron zai shiga aji ya saurari lacca, ya zauna da jami'an ɗaukar ɗalibai, a warware masa yadda tallafin karatu yake. Kwalejin Williams tana kiran nata shirin Windows on Williams, Swarthmore tana da Discover Swarthmore, Dartmouth tana da Dartmouth Bound, MIT kuma tana da WISE. Galibi ana yin su ne tsakanin Yuli da Nuwamba, kafin a rufe karɓar takardun neman shiga a farkon Janairu. Waɗanda aka fi nema su ne 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, da waɗanda babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidansu, da 'yan karkara, da kuma, kafin 2023, ƙabilun da tarihi ya bari a baya, musamman baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar.

Me ya sa makarantar da mutane ke rububin shiga za ta kashe kuɗinta wajen nemo baƙi? Saboda ta lura cewa akwai haziƙan da ba sa zuwa ƙofarta sam. Kuɗin shekara guda a irin waɗannan kwalejoji, da masauki da abinci, ya haura dala 80,000. Ɗan talaka yana jin wannan adadi sai ya juya, bai san cewa kwalejojin da suka fi dukiya suna ɗauke wa marar hali kusan komai ba. Masana tattalin arziki biyu, Caroline Hoxby da Christopher Avery, sun fitar da bincike a 2012 da ya nuna cewa mafi yawan 'ya'yan talakawa masu makin da zai iya shigar da su manyan makarantu ba sa ko cike fom ɗin nema. Ba a hana su ba. Ba su nema ba ne. Mai karatu ya riƙe wannan magana, don ita ce za ta biyo mu har gida.

Yanzu ga tambayar da iyaye da ɗalibai a can suke yawan yi: wanda aka gayyata ya sami gurbi ke nan? Kwalejojin da kansu suna faɗa a fili cewa gayyata ba alkawari ba ce, kuma rashin samun gayyata ba ya rage wa mai nema komai. Duk da haka, sanannen abu ne cewa waɗanda suka halarci ziyarar sun fi sauran masu nema samun shiga. A nan ne mutane ke ruɗewa. Ba kowa ake gayyata ba. Sai ɗalibi ya nema, ya aika da makinsa na sakandare, ya rubuta insha'i game da kansa, wani lokaci har da shaidar malami, sannan ofishin da zai yanke hukunci a kan gurbi shi ne dai yake tace waɗanda za su hau jirgin. Mai kiwon ragon layya idan ya shiga kasuwar Maigatari ba ya ɗauko ramamme mai tari, yana zaɓar mai ƙashi da lafiya ne. In bayan wata uku ragon ya fi na maƙwabta, kada a ba dusa dukkan yabon, tun a kasuwa aka yi rabin aikin. Yaran da aka kai ziyara sun fi samun gurbi ne musamman domin tun farko irin waɗanda kwalejin ke so ne aka zaɓo.

Wannan ba ya nufin ziyarar banza ce. Wanda ya je yakan dawo da abubuwan da ke gyara takardar nemansa: ya san abin da makarantar ke dubawa, ya ji daga bakin jami'ai yadda ake rubuta insha'in da ke tsayawa a rai, sau da yawa an yafe masa kuɗin fom, kuma tsoron wurin ya fita daga zuciyarsa. Akwai kuma makarantun da suke lissafa nuna sha'awa, wato su duba ko mai nema ya taɓa zuwa ko ya tuntuɓe su, don suna gudun su ba da gurbi ga wanda zai tafi wani wuri. Amma manya irin su Harvard da Yale da MIT sun bayyana cewa ba sa lissafa wannan. Ba su da bukata. A 2024 mutum sama da 54,000 suka nemi shiga Harvard, ta ɗauki ƙasa da 2,000. Sai kuma wata ziyarar ta daban da ake yi a watan Afrilu, wadda ba ta da alaƙa da samun gurbi ko kaɗan, don waɗanda aka riga aka ɗauka ake kira, ana lallashinsu kada su zaɓi wata makarantar.

A ranar 29 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da aka kai Harvard da Jami'ar North Carolina, ta haramta amfani da launin fata a matsayin ma'aunin ɗaukar ɗalibi. Tun daga nan kwalejoji da yawa suka sauya ƙa'idojin ziyarar, suka buɗe ta ga kowa, suka mayar da hankali ga talauci da zaman karkara da rashin wanda ya yi karatu mai zurfi a gida. A shekarar ce ma wasu jami'o'i 16 suka haɗu suka kafa ƙawancen STARS domin nemo ɗaliban ƙauyuka da ƙananan garuruwa.

Kafin wani yaro a Babura ya fara mafarkin tikitin jirgi, ya sani cewa yawancin waɗannan shirye-shirye na ɗaliban da ke karatun sakandare a cikin Amurka ne. Duk wanda ya aiko maka da saƙo a WhatsApp yana cewa ka biya kuɗi a saka sunanka cikin masu zuwa ziyarar kwaleji a Amurka, ɗan damfara ne. Mai neman karatu a can da gaske yana da ofishin EducationUSA da ke ƙarƙashin ofishin jakadancin Amurka a Abuja da Legas, inda ake ba da shawara, kuma ya tafi da sanin cewa sharuɗɗan biza sun ƙara tsauri ga 'yan Najeriya tun daga 2025.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin Amurka ba ma jirgin ba ne, wata wasiƙa ce. Jami'ar Michigan, tare da masu bincike ƙarƙashin Susan Dynarski, ta aika wa haziƙan 'ya'yan talakawa na jihar da wasiƙa mai ɗauke da sunan kowane yaro, ana ce masa ya nema, kuma in ya sami shiga ba zai biya kuɗin makaranta ba na shekara huɗu. An aika wa iyaye da shugabannin makarantunsu ma. Tallafin nan yawancin yaran sun riga sun cancance shi, kuma ba a sassauta sharaɗin shiga ko ɗaya ba. Cikin waɗanda ba a aika wa ba, kashi 26 cikin 100 ne suka nema. Cikin waɗanda aka aika wa, kashi 68. Masu shiga jami'ar kuwa sun tashi daga kashi 12 zuwa kashi 27. Takarda ce kawai da ta gaya wa yaro cewa wurin nan da kake gani daga nesa, kai ma ana maganarka a ciki.

To mu dawo gida. A Najeriya babu jami'ar da ke ba da maki don ɗalibi ya ziyarce ta, kuma babu gurbin insha'i ko shaidar malami a tsarinmu. Abin da Amurka ke ƙoƙarin yi da gayyata, mu mun rubuta shi a ƙa'ida. Jami'o'in gwamnatin tarayya suna raba gurabensu gida uku: kashi 45 cikin 100 na cancanta zalla, wato mafi maki ko daga ina yake; kashi 35 na jihohin da ke yankin da jami'ar take; kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Jihohi 23 ne a wannan rukuni na ƙarshe, Jigawa tana ciki, haka Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara da Yobe, har da wasu na kudu kamar Bayelsa da Ebonyi. Tushen abin yana cikin manufar raba daidai da tsarin mulkin 1999 ya tanada a sashe na 14. Mutanen Kazaure ba baƙin wannan tsari ba ne: irinsa ne ke kawo 'yan mata daga jihohi masu nisa zuwa Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke garin.

Mu ɗauka wani sashe yana da gurbi 100. Yaro daga Roni da ya nemi Jami'ar Bayero yana da ƙofa uku: ta cancanta, ta yanki tunda Jigawa tana cikin yankin Bayero, da ta jihohin da aka bari a baya. In Ibadan ya nema, ƙofa biyu gare shi, ta cancanta da ta ƙarshe. Sai dai a lura da lissafin: gurbi 20 tsakanin jihohi 23, ko ɗaya-ɗaya bai kai ba. Masu cewa "ai mu 'yan Jigawa muna da kwata" suna faɗin gaskiya, amma kwatar ba ta da faɗin da suke zato. A Bayero, abokan takararka a ƙofa ta biyu da ta uku su ne 'yan Kano da Katsina, waɗanda suka fi ka yawa. A jami'o'in kudu irin su Ibadan da Ife kuwa, akan fitar da makin da aka tsaya a kai ga kowane kwas, na cancanta daban, na yanki daban, na jihohin da aka bari a baya daban, kuma a kwasa-kwasai da dama na ƙarshen ya fi sauƙi. Amma sai ka fara samun 200 a JAMB kafin su ma kalle ka, sai kuma ka nema. Yara nawa ne a Gwiwa aka taɓa zaunar da su aka yi musu wannan bayani?

Kwata ba ta ɗauke wa kowa sharaɗin farko. Dole ne kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamantansu, da Turanci a ciki, har da Lissafi a mafi yawan kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu, wasu kwasa-kwasan kamar likitanci ma jami'o'i da yawa ba sa karɓar zama biyu. Dole darussa huɗun da aka rubuta a JAMB su dace da kwas ɗin: mai son likitanci Turanci da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, mai son injiniyanci ya sa Lissafi a madadin Bayoloji, mai son lauya ba ya tsallake Adabin Turanci. Yaro zai ci maki mai kyau, amma saboda mai shagon intanet ne ya zaɓa masa darussa a ranar rajista, sai a ce haɗinsa bai dace ba, shekara ta tafi. Jami'o'in tarayya da yawa kuma ba sa duba wanda bai sa su a zaɓin farko ba. Likitanci da lauya da aikin jinya suna da iyakar adadin da hukumomin sana'ar suka yanka wa kowace makaranta, wanda shugaban jami'a kansa ba shi da ikon ƙarawa.

Tun 2017, a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, JAMB ta kawo manhajar CAPS, inda duk wani gurbi na halal yake bi. Makaranta ce ke gabatar da suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga shafinsa ya karɓa cikin wa'adin 'yan makonni. Manhajar tana jera masu nema bisa makinsu, yadda in aka tsallake na sama aka ɗauki na ƙasa akwai tambayar da za a amsa. Ba na cewa alfarma ta mutu a Najeriya, wanda ya faɗi haka bai san ƙasar ba. Amma alfarmar da aka yi a wajen CAPS guba ce: yaro zai yi shekara huɗu yana karatu, ranar tafiya hidimar ƙasa a ce JAMB ba ta san da shi ba. Kuma akwai waɗanda gurbinsu ke salwanta ba tare da kowa ya zalunce su ba. Wani bai ɗora sakamakon WAEC ɗinsa a shafin JAMB ba. Wani lambar wayar da aka yi rajista da ita ta wani ɗan'uwa ce da ya tafi ci-rani. Wata an ba ta gurbi, ba ta sani ba har wa'adi ya wuce. Babbar riga da takardar wani babba ba sa gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ga kuma girman takarar. A jarrabawar 2025, mutum kusan miliyan 1.95 suka rubuta, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 cikin 400 ba. A shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 na foliteknik da kwalejin ilimi. Wannan 150 yana yaudarar iyaye ƙwarai. Shi dai yana nufin kada jami'a ta sauka ƙasa da haka, kowace kuma tana da ikon hawa sama yadda ta ga dama, kuma a kwasa-kwasan da ake rububi sai an hau da nisa.

In haka ne, ina amfanin ziyara ga ɗan Kazaure ko 'yar Roni? A ganina amfaninta ya fi na ɗan Amurka girma, muddin an yi ta a kan lokaci kuma da manufar da ta dace. Ziyarar da uba ke yi bayan fitar sakamako ta makara, don an riga an zaɓi darussa, an zaɓi makaranta, an rubuta jarrabawa. Mai amfani ita ce wadda za a kai yara tun suna ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ko ajin farko na babba, lokacin da ake raba su zuwa kimiyya da adabi da kasuwanci. A wannan gaɓar ake yanke makomar yaro, sau da yawa ba tare da ya taɓa ganin ɗakin gwaje-gwaje na gaske ba, ko ya ji sunan wani kwas banda likita da lauya da injiniya. Gani ya kori ji. Yaron da ya ga injin walda da na gwada ƙarfin kankare, ya ga ɗaliba 'yar ƙauyensu sanye da farar riga tana aiki da madubin ƙara girma, zai koma aji da dalilin da zai sa ya jure wa Lissafi.

Sa'ar da wannan yanki ya yi ita ce ba ya bukatar jirgi. A cikin Kazaure akwai Foliteknik ta Tarayya ta Hussaini Adamu, wadda aka sa wa sunan marigayi Sarkin Kazaure, ta fara a matsayin ta jiha bayan ƙirƙiro Jigawa a 1991 kafin gwamnatin tarayya ta karɓe ta. Akwai cibiyar koyar da fasahar kwamfuta da kowa ya sani da Informatics, wadda aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki. A 2021 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Babura, kuma a Baburan akwai kwalejin share fagen shiga jami'a ta jiha. In aka ɗan matsa, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga Bayero a Kano. Duk waɗannan ana iya zuwa da safe a dawo kafin magariba. Abin takaici shi ne yaro ya tashi a Kazaure, kullum yana wuce ƙofar foliteknik a kan babur, har ya gama sakandare bai san abin da ake karantawa a ciki ba.

Sanin waɗannan makarantu yana sauya lissafin gurbi kai tsaye. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi aƙalla kashi 60 na gurabe ga kimiyya a jami'o'i na gama-gari, kashi 80 a jami'o'in fasaha, kashi 70 a foliteknik. Ma'ana, jami'ar da aka kawo Babura ba za ta amfani ɗan Babura ba in Fizis da Kemistiri da Lissafi ba su zauna masa ba. Tsohuwar Jihar Kano ta gane haka tun 1977 da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa daga can suka fito. Sannan jami'a sabuwa ba ta da cunkoson da tsofaffi ke da shi, don haka makin da ba zai kai yaro ko'ina a Bayero ko Ahmadu Bello ba yana iya samar masa kwas mai kyau kusa da gida. Wanda kuma bai sami jami'a a karon farko ba, kada ya zauna shekara uku yana maimaita JAMB. Difloma ta shekara biyu daga foliteknik, ko NCE, ko IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, suna shigar da mai sakamako mai kyau aji biyu na jami'a kai tsaye. Raina foliteknik da wasu iyaye ke yi ya cinye wa yara shekarun da ba za su dawo ba.

Ziyarar da za ta yi aiki ba ta ɗaukar hoto a bakin get ba ce. A rubuta wa makarantar tun da wuri, a roƙi jami'in ɗaukar ɗalibai ya ba yara awa guda. A tambaye shi makin da aka tsaya a kai bara a kowane sashe, da sassan da gurabensu ba sa cika, da yadda ake haɗa makin JAMB da na tantancewar makaranta, da kurakuran da suka fi jawo a watsar da takardar mai nema. A nemi ɗaliban yankin da ke karatu a wurin su yi magana da ƙannensu da Hausa, su faɗi gaskiyar kuɗin rajista da na masauki da na abinci. A yi bayanin asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda aka fara a 2024, da yake biyan kuɗin makaranta ga ɗaliban makarantun gwamnati, har da ɗan abin kashewa na wata-wata. Kamar yadda wasiƙar Michigan ta nuna, tsoron kuɗin da ba a san adadinsa ba yana hana nema fiye da kuɗin kansa.

Kuma a tafi da iyaye, musamman iyayen 'yan mata. A ƙauyukanmu da yawa, abin da ke tsayar da karatun yarinya bayan sakandare ba makinta ba ne, fargabar mahaifi ce game da wurin da bai taɓa gani ba, sai labaran da ya ji a bakin mutane. Uban da ya shiga da ƙafarsa ya ga ɗakin kwanan mata da masu gadinsa, ya ga masallaci, ya gaisa da malama 'yar yankinsu, ya fi sauƙin cewa "Allah ya ba da sa'a" a kan wanda aka yi wa bayani a zaure. Ko mutum biyu daga ƙungiyar iyaye da malamai suka bi motar ziyarar, labarin zai zaga gari kafin sallar isha'i.

Kuɗin abin bai taka kara ya karya ba: hayar bas, da man fetur, da abincin rana. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke kashe kuɗi a taron shekara za su iya ɗaukar nauyin mota biyu. 'Yan siyasar da ke raba fom ɗin JAMB kyauta suna kyautawa, amma fom a hannun yaron da bai san abin da zai cike ba rabin taimako ne. Makarantun da kansu ma akwai nauyi a wuyansu. Jami'a ko foliteknik da ke zaune a wannan yanki bai kamata ta jira a zo mata ba. Ta ware rana guda a shekara ta buɗe ƙofa ga makarantun sakandare, ta kuma tura malamanta Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da ƙauyukan kan iyakar Babura, da jerin kwasa-kwasanta da sharuɗɗansu a rubuce da Hausa da Turanci.

Shugabannin makarantun sakandare na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, da sakatarorin ilimi, da hakimai da dagatai, wannan kira naku ne. JAMB takan buɗe rajista a farkon shekara, wajen Janairu zuwa Fabrairu, don haka zangon farko ne lokacin rubuta takardar neman izini da tanadin mota, kuma a fara da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare kafin a raba su.